Richard Ellmann: Ba'amurken da ya rubuta tarihin manyan marubutan Ireland uku

A shekarar 1945, bayan an kawo ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a Turai, wani matashin sojan Amurka mai shekara 27 ya tsallaka daga Landan zuwa Dublin, babban birnin Ireland, domin ya gana da matar shahararren marubucin waƙoƙi W. B. Yeats, wanda ya rasu shekara shida kafin nan. Sunan matar Georgie, amma mijinta da sauran jama'a suna kiran ta George. Matashin yana son rubuta kundin digirin digirgir a kan mijinta. Ta karɓe shi hannu bibbiyu, daga baya kuma ta buɗe masa ɗimbin takardun da marigayin ya bari, waɗanda yawancinsu ba a taɓa bugawa ba.

Wannan matashi shi ne Richard Ellmann. Daga wannan ziyara ya kama hanyar da ya bi har ƙarshen rayuwarsa, wato rubuta tarihin rayuwar marubuta da kuma nazarin ayyukansu. Ya rubuta tarihin manyan marubutan Ireland uku: Yeats, da James Joyce, da Oscar Wilde. Littafinsa a kan Joyce na cikin waɗanda ake fara ambata duk lokacin da aka zo maganar tarihin rayuwar marubuta a harshen Ingilishi, kuma har yau masana na muhawara a kan hanyar da ya bi wajen rubuta shi.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Richard David Ellmann ranar 15 ga watan Maris na 1918 a Highland Park, wani gari da ke tsakiyar yankin Detroit a jihar Michigan. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura zuwa Amurka daga gabashin Turai. Mahaifinsa, wanda lauya ne, ya fito daga Romaniya, mahaifiyarsa kuma daga Kiev. Ba shi da wata dangantaka ta jini da Ireland, ƙasar da ya shafe shekara arba'in yana nazarin marubutanta.

Ya yi karatu a Jami'ar Yale, inda ya sami digiri na farko a 1939 da na biyu a 1941. Yaƙi ya katse masa karatu. Ya shiga rundunar sojan ruwan Amurka, sannan aka tura shi hukumar leƙen asiri ta OSS, wadda daga baya CIA ta gaje ta. Wannan aiki ne ya kai shi Landan, daga can kuma ya sami damar zuwa Dublin. Bayan yaƙi ya koma Ireland ya zauna, ya yi karatu a Kwalejin Trinity da ke Dublin, sannan a 1947 Yale ta ba shi digirin digirgir.

Ya fara koyarwa a Harvard. A 1951 ya koma Jami'ar Northwestern da ke kusa da Chicago, inda ya yi shekara 17, kuma a nan ya rubuta littafin Joyce. Ya koma Yale na ɗan lokaci a 1968, sannan a 1970 Jami'ar Oxford ta Ingila ta naɗa shi farfesan adabin Ingilishi a kujerar Goldsmiths, wadda ya riƙe har 1984. A shekarunsa na ƙarshe ya haɗa da koyarwa a Jami'ar Emory da ke Atlanta.

Yeats da fuskokinsa

Littafinsa na farko, Yeats: The Man and the Masks, ya fito a 1948, lokacin yana da shekara 30. Ma'anar sunan ita ce mutumin da kuma fuskokin aro da yake sawa. Yeats ya ci kyautar Nobel a 1923, kuma duniya ta san shi a matsayin mutum mai ƙasaita da kwarjini. Ellmann ya nuna cewa a ƙuruciyarsa mutum ne mai kunya da shakkar kansa, wanda ya taso ƙarƙashin inuwar mahaifinsa, mai zane John Butler Yeats, mutum mai kaifin baki da son gardama. A fahimtar Ellmann, Yeats ya gina kansa ne da gangan: yakan ƙirƙiro wata kama da ta saɓa wa halinsa na asali, ya shiga cikinta, har ta zame masa jiki, kuma daga wannan kokawa waƙoƙinsa suka fito.

Abin da ya ba littafin nauyi shi ne kayan aikin da marubucin ya samu. Ya ga daftarin waƙoƙi tun suna da gyare-gyare, ya ga littattafan da Yeats yake rubuta sirrinsa, ya kuma tattauna da mutanen da suka yi zamani da shi, ciki har da Maud Gonne, matar da Yeats ya daɗe yana so ta ƙi aurensa. A 1954 ya fitar da littafi na biyu, The Identity of Yeats, wanda ya fi mayar da hankali kan salon waƙoƙin da yadda suka sauya tsawon shekaru.

A cikin takardun da George Yeats ta nuna masa akwai wani rubutu da mijinta bai buga ba, inda ya ba da labarin haɗuwarsa ta farko da James Joyce a Dublin a 1902. Joyce na da shekara 20, ba wanda ya san shi, Yeats kuwa na da 37 kuma ya riga ya yi suna. Duk da haka yaron ya nuna wa babban cewa ya tsufa, ya wuce a gyara masa hanya. Ellmann ya faɗa daga baya cewa wannan takarda ce ta fara jan hankalinsa zuwa ga Joyce.

Littafin Joyce

James Joyce ya rasu a Zurich a 1941. Shi ne marubucin Dubliners, da A Portrait of the Artist as a Young Man, da Ulysses wanda aka buga a Paris a 1922, da kuma Finnegans Wake. Ya bar Ireland a 1904 tare da Nora Barnacle, wata budurwa daga Galway, kuma ya yi sauran rayuwarsa a Trieste, da Zurich, da Paris, amma kusan duk abin da ya rubuta a kan Dublin ne.

Kafin Ellmann, akwai tarihin Joyce da wani Ba'amurke, Herbert Gorman, ya rubuta. Sai dai Joyce yana raye lokacin, ya sa ido a kan aikin, ya kuma sa an cire abubuwan da ba ya so a sani. Da Ellmann ya fara nasa binciken a farkon shekarun 1950, Joyce ya rasu, Nora ma ta rasu a 1951, amma da yawa daga cikin waɗanda suka zauna da su suna nan da rai, kuma sun manyanta. Ya gane cewa in ya yi jinkiri za su tafi da abin da suka sani.

Saboda haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A Dublin ya gana da 'yan'uwan Joyce mata da abokan karatunsa. A Paris ya tattauna da Sylvia Beach, mai kantin littattafan da ta buga Ulysses lokacin da kamfanonin buga littattafai suka guje shi, da kuma Samuel Beckett, wanda ya taimaka wa Joyce a ƙuruciyarsa. A Ingila ya sami Harriet Shaw Weaver, matar da ta shafe shekaru tana ɗaukar nauyin Joyce da iyalinsa. A Trieste kuma ya sami Stanislaus, ƙanin Joyce, wanda ya fi kowa sanin shekarunsa na farko. Stanislaus ya rasu ranar 16 ga watan Yuni na 1955, ranar da masoya Joyce suke biki duk shekara, domin a irin wannan rana ta 1904 ne duk labarin Ulysses ya faru. Bayan rasuwarsa matarsa ta bar Ellmann ya duba tarin wasiƙu da takardun da ya adana, waɗanda daga baya aka sayar wa Jami'ar Cornell.

Littafin, mai suna James Joyce, ya fito a 1959 daga maɗaba'ar Jami'ar Oxford, yana da shafi fiye da 800. Ya ci babbar kyautar littattafai ta Amurka, National Book Award, a 1960. Marubucin Birtaniya Anthony Burgess ya bayyana shi a matsayin tarihin marubuci mafi girma da aka rubuta a ƙarni na 20. A 1982, shekarar da Joyce zai cika shekara ɗari da haihuwa, Ellmann ya fitar da sabon bugu da ya gyara ya kuma faɗaɗa.

Yadda yake aiki

Ellmann ya ɗauki ƙananan abubuwan rayuwa da muhimmanci. Ya rubuta yawan gidajen hayar da mahaifin Joyce ya yi ta sauyawa da iyalinsa saboda talauci, da basussukan da Joyce ya ci, da shan giyarsa, da aikin koyar da Ingilishi da ya yi a makarantar Berlitz a Trieste, da tiyatar ido da aka yi ta yi masa, da ciwon taɓin hankalin 'yarsa Lucia wanda ya baƙanta masa shekarun ƙarshe. Dalilinsa shi ne Joyce da kansa daga irin waɗannan abubuwa yake gina labaransa, don haka wanda ya san su zai ga yadda marubucin yake sarrafa abin da ya same shi har ya zama adabi.

Misalin da aka fi kawowa shi ne babin da ya rubuta a kan The Dead, labari na ƙarshe a cikin Dubliners. A labarin, wani magidanci ya gano a daren wani biki cewa matarsa ta daɗe tana riƙe da tunanin wani saurayi da ya so ta a ƙuruciya, ya kuma mutu yana yaro. Ellmann ya bi sawun labarin zuwa Galway, ya nuna cewa Nora ta taɓa yin wani saurayi mai suna Michael Bodkin wanda tarin fuka ya kashe, kuma Joyce ya yi kishin wannan mamaci. Ya nuna yadda gidan bikin da tsofaffin matan da suka shirya shi suka samo asali daga dangin Joyce, da yadda zaman da ya yi a Roma a 1906 zuwa 1907 ya sa ya fara tuna karamcin mutanen Dublin, bayan ya daɗe yana sukar garin. Haka kuma ya nuna cewa Leopold Bloom, jarumin Ulysses, haɗi ne na mutane da dama, ciki har da Ettore Schmitz, ɗan kasuwar Trieste da Joyce ya koyar da Ingilishi, wanda duniya ta sani da sunan alƙalaminsa, Italo Svevo.

Wani abin da ya jawo masa masu karatu shi ne rubutunsa. Yana da sauƙin bi, akwai barkwanci a ciki, kuma ba ya ɓoye aibin wanda yake rubutu a kansa, amma ba ya wulaƙanta shi. Joyce ɗinsa mutum ne mai son kansa, mai almubazzaranci, mai saurin zargin abokai da cin amana, kuma duk da haka mai naci a kan aikinsa da ƙaunar iyalinsa.

Sukar da aka yi masa

Hanyar da ta ɗaukaka littafin ita ce kuma ta jawo masa suka. Wanda ya fi tsananta shi ne Hugh Kenner, manazarci ɗan Kanada, wanda shi ma gwani ne a kan Joyce. Kenner ya yi gargaɗin cewa mutanen Dublin gwanayen hira ne, kuma idan baƙo ya zo da littafin rubutu yana neman labari, sukan ba shi wanda zai yi masa daɗi, ko da an ƙara masa gishiri. A ganinsa Ellmann ya karɓi irin waɗannan labarai da yawa ba tare da isasshen tankaɗe da rairaya ba.

Suka ta biyu ita ce yakan cike giɓi da ƙagaggen labari. Inda babu wata shaida a kan abin da ya faru da Joyce yana yaro, wani lokaci yakan ɗauko abin da ya faru da Stephen Dedalus, yaron da ke cikin littattafan, ya ba da shi kamar tarihi. Idan aka ɗauko hujja daga labari aka gina tarihi, sannan aka dawo da tarihin ana fassara labarin da shi, to an yi zagaye ne kawai. Ta uku ita ce ya dogara ƙwarai da Stanislaus, mutumin da ya shafe shekaru yana biyan basussukan yayansa a Trieste kuma yana da nasa ƙorafin, don haka hoton Joyce na waɗancan shekaru ya fito ne ta idon ƙanin da aka ɓata wa rai.

Akwai kuma batun sirri. Ellmann ne ya tsara juzu'i na biyu da na uku na wasiƙun Joyce, waɗanda suka fito a 1966. A 1975 ya fitar da zaɓaɓɓun wasiƙu, inda ya buga cikakkun wasiƙun batsa da Joyce ya aika wa Nora daga Dublin a ƙarshen 1909. Hujjarsa ita ce suna haskaka dangantakar da ta haifar da Molly Bloom, matar jarumin Ulysses. Wasu sun ga haka a matsayin tona asirin ma'aurata da ba su rubuta don duniya ta karanta ba. Jikan marubucin, Stephen Joyce, ya daɗe yana adawa da masu tonon sirrin iyalinsa, har a 1988 ya sanar a wani taro a Venice cewa ya lalata wasu wasiƙun gwaggonsa Lucia. Tambayar da wannan ya tayar, wato ina iyakar haƙƙin mai bincike a kan sirrin mamaci, ba ta tsaya kan Joyce kaɗai ba.

Oscar Wilde da shekarun ƙarshe

Ellmann ya shafe kusan shekara ashirin yana aiki a kan tarihin Oscar Wilde, ɗan Dublin da aka haifa a 1854, marubucin wasan kwaikwayon The Importance of Being Earnest da ƙagaggen labarin The Picture of Dorian Gray. A 1895, lokacin da tauraronsa ke tsakiyar haskawa a Landan, Wilde ya kai ƙarar Marquess na Queensberry, mahaifin abokinsa Lord Alfred Douglas, bisa ɓata suna. Shari'ar ta juye kansa, aka same shi da laifin luwaɗi a ƙarƙashin dokar Ingila ta lokacin, aka ɗaure shi shekara biyu da aiki mai tsanani. Ya mutu cikin talauci a Paris ranar 30 ga watan Nuwamba na 1900.

Mutane da yawa sun ɗauki Wilde a matsayin mai ban dariya da iya magana kawai. Ellmann ya gabatar da shi a matsayin mai zurfin tunani da karatu, mai kyauta da tausayi, wanda ra'ayoyinsa a kan fasaha da munafuncin al'umma suka riga zamaninsa. Tun a 1969 ya tattara rubuce-rubucen nazari na Wilde a littafi guda domin nuna wannan ɓangare nasa.

A 1986 aka gano Ellmann na ɗauke da cutar da ke kashe jijiyoyin da ke motsa gaɓoɓi, wadda ke raunana jiki da magana a hankali alhali hankali na nan daram. Ya ci gaba da gyaran littafin har kusan ƙarshe. Ya rasu a Oxford ranar 13 ga watan Mayu na 1987 yana da shekara 69, watanni kaɗan kafin littafin ya fito. A 1989 aka ba shi kyautar Pulitzer ta tarihin rayuwa bayan mutuwarsa, kuma a kan littafin aka gina fim ɗin Wilde na 1997, wanda Stephen Fry ya fito a matsayin marubucin.

Rashin lafiyar ya bar alama a aikin. Wani masani Bajamushe, Horst Schroeder, ya fitar da littafi guda na gyare-gyare da ƙarin bayani a 1989, ya kuma faɗaɗa shi a 2002. Wani hoto da aka buga a matsayin Wilde sanye da kayan Salome, daga baya aka gano na wata mawaƙiya ce 'yar Hungary, Alice Guszalewicz. Ellmann ya kuma tsaya a kan cewa Wilde ya kamu da tunjere tun yana ɗalibi a Oxford kuma ita ce ajalinsa. A shekarar 2000 wasu likitoci biyu na Jami'ar Cape Town suka wallafa bincike a mujallar The Lancet, inda suka nuna cewa tsohon ciwon kunne ne ya kai ga sanƙarau ya kashe shi.

Sauran ayyukansa da iyalinsa

Ban da tarihin rayuwa, Ellmann ya rubuta littattafan nazari, ciki har da Eminent Domain na 1967, a kan yadda marubuta suke aro daga junansu, da Ulysses on the Liffey na 1972, da The Consciousness of Joyce na 1977. A Golden Codgers na 1973 ya tattauna ita kanta sana'ar rubuta tarihin rayuwa da matsalolinta. Four Dubliners ya haɗa Wilde, da Yeats, da Joyce, da Beckett a wuri ɗaya. Shi ya shirya littafin tunawa da Stanislaus ya bari bai kammala ba, My Brother's Keeper, aka buga a 1958. Tare da Robert O'Clair ya tsara The Norton Anthology of Modern Poetry a 1973, kundin waƙoƙin da ɗalibai da yawa a jami'o'in Amurka suka yi karatu da shi. Ya kuma fassara rubuce-rubucen Henri Michaux daga Faransanci.

A 1949 ya auri Mary, wadda ita ma manazarciya ce. Littafinta Thinking About Women na 1968 na cikin na farko-farko da suka duba yadda adabi yake siffanta mata. Sun haifi 'ya'ya uku: Stephen, wanda ya zama farfesan shari'a, da Maud, farfesar adabi, da Lucy, marubuciyar ƙagaggun labarai, wadda littafinta Ducks, Newburyport ya kai zagayen ƙarshe na kyautar Booker a 2019.

Abin da ya bari

An sake rubuta tarihin duka mutanen ukun bayansa. R. F. Foster ya fitar da tarihin Yeats a juzu'i biyu a 1997 da 2003, Gordon Bowker ya rubuta na Joyce a 2011, Matthew Sturgis kuma ya rubuta na Wilde a 2018. Sun sami takardun da Ellmann bai gani ba, sun kuma gyara kurakuransa. Abin da ba za su iya maimaitawa ba shi ne hirarrakin, domin waɗanda ya zauna da su a Dublin da Trieste da Paris duk sun riga mu gidan gaskiya. Ko mai sukarsa, idan yana son sanin abin da Stanislaus ko Sylvia Beach suka faɗa masa, dole ya koma ga abin da ya rubuta.

Takardunsa, da wasiƙunsa, da bayanan hirarrakin da ya yi suna ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Tulsa da ke jihar Oklahoma, inda masu bincike suke zuwa su gwada abin da aka faɗa masa da abin da ya buga. Jami'ar Emory ta kafa jerin laccoci da sunansa, kuma marubucin waƙoƙin Ireland Seamus Heaney ne ya gabatar da na farko a 1988. A 2025 Zachary Leader ya fitar da Ellmann's Joyce, littafin da ya ba da tarihin Ellmann da kuma tarihin yadda ya rubuta littafinsa na 1959.